Lissafin Gugguru Tsakanin Sikeli da Mudu



Maganar wannan zama ta gugguru ce, abin da yara ke saya a bakin makaranta, manya kuma su haɗa da gyaɗa su ci a tasha. Wani zai ga abin bai kai a tara mutane a kansa ba. Amma duk wanda ya taɓa zuba jarinsa a wannan sana'a ya san akwai tambayar da ba ta barinsa: buhun nan da ya sayo, leda nawa zai fitar? Masarar gugguru da nauyi ake sayenta, kilo kaza ko laba kaza a rubuce a jikin buhu. Idan ta fashe kuwa, da wuya a ga wanda ya ɗora ta a sikeli. Da leda ake sayar da ita, ko kofi, ko kwali, wato da yawan wurin da ta cika. Tsakanin awon sikeli da awon mudu akwai wani adadi, kuma a cikin adadin nan ribar mai sana'a take, ko asararsa. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne, adadin ba ƙafaffe ba ne, kuma babu wanda zai iya aro shi daga littafi ya kwanta a kansa.

Asalin ruɗanin daga ruwa ya fito. Lokacin da Faransa ta tsara awon mita da kilo a shekarun 1790, an ɗaure kilo ɗaya da nauyin ruwa lita ɗaya. Shi ya sa ruwan leda mai rabin lita yake da nauyin rabin kilo, kuma mililita ɗaya na ruwa giram ɗaya ne. Wannan dacewa ta yi daɗi har mutane suka ɗauka haka kowane abu yake. Alhali man gyaɗa lita ɗaya bai wuce giram 920 ba, zuma lita ɗaya kuwa ta kai kusan kilo ɗaya da giram 400. Ɗanyar masarar gugguru lita ɗaya tana kaiwa wajen giram 830. Ita wannan masarar, da ta fashe, lita ɗaya ba za ta wuce giram 25 zuwa 35 ba. Kaɗan ne cikin abincin ɗan Adam ke sauya jiki haka cikin minti uku a kan wuta.

Saboda haka lissafin hawa biyu ne. Akwai juya nauyin ɗanyar ƙwaya zuwa kofi ko gwangwani kafin a zuba a tukunya, akwai kuma juya wannan nauyi zuwa litocin da za su fito bayan suya. Na farko mai sauƙi ne, na biyu shi ne mai wuyar sha'ani.

A fara da mai sauƙin. Tunda lita ɗaya ta ɗanyar ƙwaya tana da giram 830 ko kusa da haka, kilo ɗaya zai cika lita ɗaya da mililita 200. Kofi mai cin mililita 240 zai ɗauki wajen giram 200, rabinsa giram 100. Babban cokali mai mililita 15 yana ɗaukar giram 12 zuwa 14, gwargwadon girman ƙwayar da yadda aka cika shi. Hanyar a taƙaice: a san mililitar da mazubi ke ci, a ninka da 0.83, a samu giram. In kuma giram ke hannu ana neman mililita, a ninka da 1.2.

Sai dai kofin ma ba ɗaya ba ne a duniya. Na girkin Amurka mililita 237 ne, wanda suke amfani da shi a takardar bayanin abinci 240, na Ostireliya 250, na Japan 200. Babban cokali a yawancin ƙasashe mililita 15 ne, a Ostireliya 20. Uwargidan da ta ga tsarin suya a intanet an ce ta zuba rabin kofi, ta ɗauko kofin shayin maigida, ba ta san wane kofi marubucin yake nufi ba, kuma na hannunta wataƙila bai yi daidai da ko ɗaya ba. Cikin abin da ya daidaita wa Amurkawa awon kofi da cokali har da littafin girkin da Fannie Farmer ta fitar a Boston a 1896, wanda ya nace a kan a riƙa shafe bakin ma'auni ya yi daidai, kada a bar shi ya yi tozo. Wannan nacewa tata tana da dalili, domin tozon da ke kan ƙaramin mazubi yakan zama kaso mai tsoka na abin da ke cikinsa.

Gwangwanin madara, wanda ya zama ma'aunin kowane gida da kowace mai ƙosai, yana da nasa tarkon. An rubuta masa giram 170, sai mutum ya ɗauka duk abin da ya cika shi giram 170 ne. Wannan nauyin madarar da ke ciki ne, ita kuwa ta fi ruwa nauyi, don haka cikin gwangwanin wajen mililita 160 ne. A cika shi da masarar gugguru a shafe baki, abin da za a samu bai wuce giram 130 da 'yan kai ba. Kilo ɗaya ke nan gwangwani bakwai da rabi, ba shida ba kamar yadda rubutun jikinsa zai sa a zata. Ga shi kuma kamfanoni sun sha rage girman gwangwanin, na yau ba lallai ya kai na shekarun baya ba.

Yanzu hawa na biyu. Ba za a gane shi ba sai an leƙa cikin ƙwayar.

Ba kowace masara ke yin gugguru ba. Wadda ke yi wani iri ne mai ƙananan ƙwayoyi da ɓawo mai tauri wanda ba ya barin tururi ya fita. A ciki akwai sitaci mai tauri da ɗan danshi, kuma danshin da ake so shi ne kashi 13 da rabi zuwa 14 cikin 100 na nauyin ƙwayar. Idan zafi ya ratsa ta, ruwan ya wuce digiri 100 amma ba shi da mafita, sai ya dafa sitacin ya mai da shi kamar ƙulli mai zafi. Matsi yana ta hauhawa har ya kai wajen ninki huɗu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. A wajen digiri 180 ɓawon ya tsage, ruwan ya zama tururi nan take, ya hura sitacin ya yi kumfa, kumfar ta sha iska ta daskare. Farin abin da ake ci wannan kumfa ce, kuma mafi yawanta iska ce.

Wasu masana biyu 'yan Faransa, Emmanuel Virot da Alexandre Ponomarenko, sun bi wannan lamari da kyamara mai saurin ɗauka, suka buga sakamakonsu a 2015. Sun gano cewa a digiri 170 kashi 34 cikin 100 ne kawai na ƙwayoyin suka fashe, amma a digiri 180 kashi 96 suka fashe. Digiri goma kacal suka raba tukunyar asara da ta riba. Sun kuma nuna cewa ƙarar da ake ji ta fitar tururi ce, tsallen da ƙwayar ke yi kuma wani ɓangaren sitaci ne ke fara fitowa ya tokare gindin tukunya ya wurga ta sama. Shekara goma kafin nan, a 2005, Bruce Hamaker da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana sun gwada iri 14 na masarar gugguru. A mafi kyawunsu kashi 4 cikin 100 ne suka ƙi fashewa, a mafi muninsu kashi 47. Bambancin daga ɓawo yake: wanda ya fi riƙe danshi a lokacin zafi shi ya fi fashewa. Duk ƙwayar da ta tsage ko ƙwaro ya huda, tururinta zai sulale a hankali, ta ƙone a gindin tukunya. A sikeli an biya kuɗinta, a leda kuwa ba ta ba da komai ba.

Mutane sun daɗe da sanin wannan masara. A wuraren tona tarihi na Paredones da Huaca Prieta da ke gaɓar tekun arewacin Peru an samu totuwar masara da burbushinta da suka kai shekara 6,700, kuma binciken da aka buga a 2012 ya nuna har da irin da ke fashewa. A ƙarni na 16 malamin Sifaniya Bernardino de Sahagún ya rubuta yadda mutanen Aztek na Meziko ke yin ado da gugguru a bukukuwansu. Amma ba a mai da kumburinta abin lissafin kuɗi ba sai da ta zama babbar sana'a a Amurka. Charles Cretors ya ƙera injin suya mai aiki da tururi a Chicago a 1885, ya kai shi babban baje kolin duniya da aka yi a birnin a 1893. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ƙullin gugguru na santi biyar zuwa goma yana cikin 'yan abubuwan marmarin da talaka ke iya saya, kuma gidajen silima da a da suke ƙyamarta saboda ɓata musu darduma suka rungume ta. Daga nan kowane mai gidan silima ya fahimci cewa da laba yake saya, da bokiti yake sayarwa, don haka masarar da ta fi kumbura ita ce tasa.

Masu harkar sai suka samar da gwaji guda da kowa ya yarda da shi. Kamfanin Cretors, wanda har yau yana nan, shi ke ƙera na'urar. Ana auna ɗanyar masara giram 250, a soya ta da mai a zafin da aka ƙayyade, a juye a wani dogon bututu mai zane-zanen awo, a karanta inda ta tsaya. Adadin da ke fita shi ne mililita nawa giram ɗaya na ɗanyar ƙwaya ya bayar. In aka ce masara tana da 40, giram ɗaya ya ba da mililita 40, kilo ɗaya kuma lita 40. Masara mai kyau ta gidajen silima tana kaiwa 40 zuwa 44, wata ma ta ɗan haura. Wannan lamba ce ake rubutawa a takardar ciniki idan ana sayen masara daga Amurka, inda jihohin Nebraska da Indiyana suka fi nomanta, ko daga Ajantina da Brazil da Afirka ta Kudu. Ana kuma rubuta girman ƙwaya, ta hanyar ƙirga ƙwaya nawa ke cikin giram 10: manya 52 zuwa 67, matsakaita 68 zuwa 75, ƙanana 76 zuwa 105.

A nan akwai wani kuskure da ko masu ilimi ke faɗawa. Cewa masara tana da 40 ba ya nufin kofi ɗaya zai ba da kofi 40. Lambar ta giram ce zuwa mililita. Kofi mai mililita 240 yana ɗauke da giram 200, giram 200 sau 40 kuma mililita 8,000 ne, wato lita takwas, wato kofi 33. Wanda ya yi lissafin ledojinsa da kofi 40 ya ƙirga ribar kofi bakwai da ba za su taɓa fitowa ba, a kowane zubi.

Muhimmancin lambar yana fitowa sarai idan aka kai ta kan buhu. Masarar da ake shigowa da ita daga Amurka galibi a buhu mai laba 50 take zuwa, wato kilo 22.7. In lambarta 44 ce, buhun zai ba da lita kusan 1,000. In 36 ce, lita 817. Buhu biyu, nauyinsu ɗaya, kamanninsu ɗaya a ido, amma tsakaninsu akwai lita 180. Ga mai ƙulla ledar da ke cin lita ɗaya, leda 180 ke nan. Don haka buhun da ya fi araha ba lallai ya fi riba ba. Mai sana'ar da aka rage wa kashi 10 cikin 100 na farashi a kan masarar da kumburinta ya gaza da kashi 18, shi ya yi asara, ko da ya bar kasuwa yana murna.

Siffar fashewar ma tana shiga lissafi. Akwai gugguru mai fukafukai, wadda ke fashewa ta baje ta ko'ina. Ita ta fi cika wuri, saboda fukafukan suna tokare juna su bar iska a tsakani, kuma ta fi taushi a baki. Akwai kuma dunƙulalliya, wadda ke fitowa kamar ƙwallo. Lambarta ta fi ƙasa, amma ba ta karyewa idan ana juya ta cikin narkakken sukari, shi ya sa masu gugguru mai zaƙi ke nemanta. Mai fukafukai kuwa, in aka cika ta a babbar leda aka ɗora a babur aka bi hanya mai gargada, fukafukan za su kakkarye, ta zauna, ledar da ta fito a cike ta isa da rama. Nauyinta bai ragu ko giram ɗaya ba. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanonin da ke rufe gugguru a leda don kai wa kantuna suke rubuta nauyi a jiki, ba lita ba.

Sai babban abin da ya fi rikita masu sayen injin suya, wato oza. Injinan nan masu gilashi da ake gani a bakin manyan kantuna da wuraren biki, da oza ake faɗin girman tukunyarsu: mai oza 4, mai 6, mai 8, mai 12, mai 16. Wannan oza ta nauyi ce, giram 28.35, kuma tana nufin ɗanyar masarar da tukunyar ke ɗauka a zubi ɗaya. Tukunya mai oza 8 tana cin giram 227, kofi ɗaya da ɗan ɗori. Amma kwalaye da bokitan takarda da ake zuba guggurun a ciki su ma da oza ake faɗin girmansu, mai 46, mai 85, mai 130, har mai 170. Ita wannan ozar ta ruwa ce, ta cikin mazubi, mililita 29.6 a awon Amurka, 28.4 a na Ingila. Suna ɗaya, aiki daban. Giram 227 sau 40 ya ba da lita tara da 'yan kai, wato ozar ruwa kusan 300. Ke nan oza 8 sun shiga tukunya, oza 300 sun fito, kuma duka maganganun biyu gaskiya ne. Zubi ɗaya zai cika bokiti biyu masu oza 130 har a samu saura, ko kwalaye shida masu oza 46. Masu harkar a Amurka suna da ƙiyasin da suke riƙewa a ka: oza ɗaya ta ɗanyar ƙwaya, wato babban cokali biyu, tana ba da wajen kofi huɗu na soyayya, kusan lita ɗaya.

Wannan ja-in-ja tsakanin mudu da sikeli ya girmi gugguru, kuma ba baƙo ba ne a kasuwar hatsi ko'ina. Manoman Amurka suna da nasu mudun, bushal, mai cin lita 35 da 'yan kai. Da cinikin hatsi ya girma, sai aka ga ba za a iya auna jirgin ƙasa guda da mudu ba, aka yanke wa kowane hatsi nauyinsa: bushal na masara laba 56, na alkama da waken suya laba 60, na sha'ir laba 48. Har yau a kasuwar hatsi ta Chicago da bushal ake faɗin farashi, alhali sikeli ne ke aiki. Masarar gugguru ta fi masarar abinci nauyi a mudu ɗaya, tana kaiwa laba 65 a bushal, saboda ƙwayoyinta ƙanana ne masu tauri, suna haɗuwa ba su bar fili da yawa ba. Daga nan aka samo giram 830 ɗin da aka ambata.

A ƙasar Hausa kuwa mudu da kwano da tiya su ke mulki har yanzu, daga Dawanau a Kano zuwa kasuwannin Maraɗi da Damagaram. A Nijar ana yawan ƙiyasta tiyar gero da kilo biyu da rabi, tiya 40 ta yi buhu mai kilo 100. Kudancin Nijeriya na da gwangwanin tumatir da robar fenti, Gana na da olonka. Duk awon cika ne, kuma kowa ya san na wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, ga tozo, ga gyara, ga hannun mai awo da yake tarewa da shi a bakin kwano. Malamai ma sun sha wannan lissafi a wajen zakkar fid da kai. Sa'i awon cika ne, mudun Annabi huɗu. Da aka zo juya shi zuwa kilo don sauƙaƙa wa mutanen zamani, sai ƙiyasin ya bambanta, daga kilo biyu da 'yan kai zuwa kilo uku, domin sa'in shinkafa da na gero da na dabino ba za su taɓa yin nauyi ɗaya ba. Wanda ya fahimci dalilin wannan saɓani ya riga ya fahimci rabin lissafin gugguru.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan yanki musamman, wato hunturu. Masarar da aka noma aka busar zuwa danshin kashi 14, aka rufe a buhu, ta iso Kano ko Sakkwato a watan Janairu, ta shigo cikin iskar da ke tsage leɓe da diddige. In aka buɗe buhun aka bar shi a shago, ƙwayar za ta riƙa sakin ruwanta a hankali. Ido ba zai ga komai ba. An ce ido ba mudu ba, amma ya san kima, to a wannan wuri ko kimar ba ya sani, domin ƙwaya mai danshin 14 da mai 11 kamanninsu ɗaya. Tukunya ce kawai ke tona asiri: ƙarar fashewa ta yi rauni, guggurun ta fito ƙanana masu tauri, gindin tukunya ya cika da waɗanda suka ƙi. Mai sana'a ya zargi wanda ya sayar masa, ko gas, ko yaron shago, alhali iska ce ta sha ribarsa. Da damina kuma akasin haka ne. Ƙwayar ta sha laima fiye da kima, ta fashe da wuri kafin matsi ya kai, ta fito da danƙo, ga barazanar fumfuna da ƙwari. Wadda aka soya ma, in ba a ƙulle ta da wuri ba, sai ta yi laushi.

Maganin farko shi ne mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, a ajiye a inuwa, a riƙa ɗiban na yini kawai. In kuma ta riga ta bushe, ana iya mayar mata da ruwanta, kuma wannan ma lissafi ne. A ɗauki kwalba mai lita ɗaya, a zuba ƙwaya zuwa kashi uku cikin huɗu, wajen giram 620 ke nan. In danshinta ya sauka zuwa 11 da rabi ana so ya koma 13 da rabi, ruwan da take buƙata giram 14 ne, babban cokali ɗaya. A zuba, a rufe, a girgiza sosai har ruwan ya ɓace a jikin ƙwayoyin, a riƙa girgizawa lokaci-lokaci, a bar ta kwana biyu zuwa huɗu kafin a gwada. Ga kilo guda, kowane maki ɗaya na danshi yana son mililita 11 zuwa 12. Ba a yin gaggawar ƙara ruwa, domin wanda ya wuce kima ya gayyato fumfuna.

Duk wannan yana kai wa ga abin da ya kamata kowane mai sana'a ya yi da kansa. Lambar da ke jikin buhu, in ma akwai ta, a ɗakin gwaji aka same ta, da injin da ke riƙe zafi daidai. Tukunyar gida a kan gawayi ko risho ba kasafai take kai ta ba. Gwajin kuwa ba shi da tsada. A auna giram 100 a ƙaramin sikeli irin na masu yin kek, a soya yadda aka saba, da man da aka saba, a juye a bokitin da aka yi wa alamar lita ta hanyar zuba ruwa da gora mai sanannen girma. Kada a danna, kada a girgiza. In ta kai lita uku da rabi, lambar wannan masara a wannan tukunya 35 ce, kilo zai ba da lita 35. A tsince waɗanda suka ƙi fashewa a auna su. Sannan a cika ledar da ake sayarwa a juye a bokitin, a san lita nawa take ci. Daga nan raba lita 35 da cikin leda ya ba da yawan ledojin kilo ɗaya, kuma a kan wannan ake gina farashi. Ya dace a maimaita gwajin da kowane sabon buhu, da kuma duk lokacin da yanayi ya juya.

Mai da sukari su ma sai an sa su a lissafi, don suna sauya nauyi ba tare da sun ƙara cika ba. Ƙa'idar da masu injin suya suka saba bi ita ce mai ya zama kashi ɗaya cikin uku na awon masara: kofi ɗaya na ƙwaya, sulusin kofi na mai, wato mililita 80, giram 74. A lokacin suya kuma ƙwayar tana zubar da mafi yawan ruwanta, kilo ɗaya ya koma ƙasa da giram 900 in ba a sa komai ba. Mai da sukari su ke mayar da nauyin har ya zarce na farko. Shi ya sa leda biyu masu girma ɗaya, ɗaya mai gishiri ɗaya mai narkakken sukari, ta biyun za ta iya ninka ta farko a sikeli. Wanda ke sayarwa da leda, sukari kashe kuɗi ne a wurinsa, sai ya ɗora a farashi. Wanda ke sayarwa da giram kuwa, sukarin yana cikin abin da ake biyansa.

Mai ci ma yana da nasa rabon a wannan lissafi, musamman mai ciwon suga da mai son rage ƙiba, waɗanda likita ke yi wa magana da giram alhali su da kofi suke ci. Bisa alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, kofi ɗaya na guggurun da aka fasa da iska mai zafi, ba mai ba sukari, giram 8 ne, yana da kalori 31 da sitaci wajen giram 6. Wadda aka soya da mai kofinta giram 11 ne, kalorinta kuma ya haura 50. Kofi uku na marar mai bai kai kalori 100 ba, kuma hatsi ne cikakke da dusarsa. Amma giram 100 na wannan guggurun kalori 387 ne, kuma kofi goma sha biyu da rabi ke nan. Don haka wanda ya karanta takardar jikin leda dole ya duba ko adadin da aka rubuta na ɗanyar ƙwaya ne ko na soyayya, na cokali ne ko na kofi. Babban cokali biyu na ɗanyar ƙwaya da kofi huɗu na soyayya abu ɗaya ne a ciki, kalori 100 da 'yan kai kafin a sa mai. Bokitin silima mai oza 130 kuwa yana cin kofi 16, wato ninki huɗu na wancan, ban da man da aka soya da shi da wanda ake kwarara masa a kai.